Fankar Banɗakin da Ta Kusa Kashe Mai Jego a Gidana

Zuwa ga Shugaban masu aikin wayar lantarki na garin Isa da kewaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da mutanen da kake shugabanta. Ranka shi daɗe, na yi kwana shida ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin duk ta inda na fara wannan takarda, kaina nake fara tona wa asiri. Na rubuta ta a buɗe ne saboda maganar ta wuce gidana, ta shiga gidaje huɗu, kuma da bakina ta shiga.

Ni malamar makaranta ce, shekarata ashirin da uku ina riƙe da alli. Ɗiyata ta fari, wadda ko sunanta ba na kamawa, ta zo wankan gida a tsakiyar sanyin bana. Tun cikinta yana wata bakwai na sa aka kawo mini wata na'ura daga Sakkwato: fanka mai zuƙe tururi, da abin ɗumama ɗaki, da ƙwan fitila, duka a jiki ɗaya, ana kafa ta a silin banɗaki. Niyyata ta yi wankan jegonta a cikin ɗaki mai ƙofa, ba a bayan zana tana karkarwa ba kamar yadda muka yi. Wanda ya haɗa wayar ɗanka ne a sana'a, yana da katinku. Ɗan wan mijina ne kuma, magidanci mai 'ya'ya biyar. Sunansa yana cikin ambulan da na aiko maka daban.

Ga abin da ya yi, kamar yadda wani malamin koyar da sana'ar lantarki ya nuna mini da idona bayan mun cire silin.

1. Abin ɗumama ɗaki yana jan wuta da yawa, yana buƙatar waya mai kauri tasa ta kansa tun daga akwatin wuta. Shi kuwa ya jona shi a kan siririyar wayar da ke kai wa ƙwai wuta. Robar wayar ta narke wuri biyu.

2. Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ita ce ke janye wuta in ta ɓalle, ya datse ta da filaya ya cusa guntun cikin silin. Da aka tambaye shi, ya ce bai taɓa ganin amfaninta ba. Mai sayar da laima ma bai taɓa ganin amfaninta da rani ba.

3. Bai huda bango ya fitar da bututun iska waje ba. Fankar tana kwasar tururi tana zuba shi cikin rufi, tururin ya koma ruwa, ya sauka a kan mahaɗar wayoyin da ya murɗe da hannu ya naɗe da salatif. Daga nan lemar ta bi bango ta sami bututun famfo na ƙarfe.

4. Makunni ɗaya tak ya sa wa abu uku, ya kuma kafa shi a cikin banɗakin, taku ɗaya daga famfo, inda jiƙaƙƙen hannu ne kawai zai taɓa shi.

Wanda duk ya san wankan jego ya san tururinsa ba na wankan yau da kullum ba ne. Tafasasshen ruwa ne bokiti bokiti, da ganyen darbejiya, safe da yamma. Ya sani, matarsa ta yi sau biyar. Na kuma faɗa masa dalilin aikin kafin ya hau tsani.

Yanzu ga nawa laifin, kuma ba za ni rage komai ba. Takardar bayani tana cikin kwalin, da zane, da jan rubutu. Ni da ke karanta har guntun jaridar da aka ƙunso mini ƙosai, ban buɗe ta ba, na ba yara kwalin suka yi wasa da shi. Maƙwabcina ya ce in kira wani da ya fi sanin aikin, na ce ina da ɗa a gida ba za ni kai aiki waje a ce na raina dangin miji ba.

Mai yi wa yarinyar wanka Gwaggo Asabe ce, gwaggon mijinta, tsohuwa daga Tozai. Tun zuwanta muka yi saɓani, ita tana son a yi a tsakar gida, ni ina yi mata bayanin zamani. Kwana takwas da haihuwa ta same ni a madafa ta ce yarinyar tana cewa famfo yana tsikararta. Na ce mata jinin jego ne, a raina kuma na ce tsohuwa tana neman hanyar komawa bayan zana. Washegari ta sake faɗa, na sake kawar da maganar. Yarinyar ba ta iya tunkarata da kanta, ni ma ba na leƙa inda ake yi mata wanka, kunyar ɗan fari ta hana mu duka biyu. Taku goma ne tsakanin ɗakina da famfon nan. Ban je na taɓa shi ba.

Ranar sha ɗaya da hantsi, janareto yana aiki, yarinyar ta miƙa hannu za ta sirka ruwa, famfon ya riƙe ta. Gwaggo Asabe ce ta ɗauki kujerar tsugunno ta doke hannun, bokitin ruwan zafi ya kife a ƙafar tsohuwar. Yarinyar ta tashi da ƙuna a tafi, kwana uku ba ta iya tallafar jaririnta. Tsohuwar har yau ba ta sa takalmi. Da na je gaishe ta sai ta tambaye ni ya tsoron da na sha. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana biyu surukaina suka zo da mota, cikin ladabi, suka ce za su ƙarasa mata arba'in a wurinsu. Unguwa tana kallo aka fitar da mai jego daga gidan uwarta da sauran kwana ashirin da bakwai. Ban da bakin hanawa.

Dangin mijina sun ce in rufe, tunda ba a mutu ba. Na yi shiru da farko. Abin da ya hana ni ci gaba da shirun shi ne, ranar suna na riƙa jan mata ina nuna musu banɗakin, ina yabon mai aikin. Huɗu daga cikinsu suka sa ya yi musu irinsa. Uku suna nan Isa, na bi su gida gida na roƙe su kada su kunna. Ta huɗun tana Sabon Birni, na kira ta, ta ce mijinta ya ce rigimar dangi ce nake so in ja su ciki, nasu lafiya lau yake aiki. Matar ɗanta tana cikin watan haihuwa.

Don haka ina roƙonka abu uku. Ka tura wanda ka yarda da aikinsa Sabon Birni cikin makon nan, ya cire silin ya duba. Maigidan ba zai ji maganar mace mai fushi ba, amma zai ji taka. Ka dakatar da wannan mutum daga taɓa wayar banɗaki har sai ya zauna gaban wanda ya fi shi ya koya. Ba na neman a raba shi da abincinsa, 'ya'yansa jikokin gidanmu ne. Sannan ka tara mutanenka ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, su nawa ne ke datse wayar ƙasa, domin ba na jin shi ya ƙago wannan ɗabi'a.

Na san bayan wannan takarda akwai gidajen da ba za a ƙara amsa mini sallama da sakin fuska ba. Na ɗauka. Amma in ka ga makon zai wuce ba ka sami wanda za ka tura ba, ka aiko mini da takarda mai hatiminka, ni za ni hau mota in kai ta da kaina, in zauna a ƙofar banɗakin nan har a kashe wutarsa.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon riƙe amanar da ke wuyanka, shi tsare hannun mutanenka daga zama sanadin ran wani. Allah shi sauki yarinyar nan ta Sabon Birni lafiya.

Wassalam.

Malama Luba, Isa.