Rediyo Ya Shanye Batirin Motar Yaya Kalilu

Gwaggo Tani, don Allah ki taimake ni, kuma kar ki sa sunana, domin malamanmu suna karanta jaridar nan. Ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a sakandare a Isa. Ba na iya magana a gaban manya, shi ya sa na rubuto.

Yayana Kalilu yana da farar Fijo da yake jigilar 'yan kasuwa daga Isa zuwa Sabon Birni da Bafarawa. Da damina ta ƙi bara, bana ma ta ƙi, fasinja suka ƙare, don babu abin kaiwa kasuwa. Sai ya ajiye motar a bayan gidanmu, ya tafi ci-rani kudu. Ranar tafiyarsa, a gaban kowa, ya tsallake ƙannensa maza biyu ya miƙo mini makulli. Ya ce su yawo za su yi da ita, ni kuwa duk abin da aka faɗa mini rubutawa nake yi. Ya ce in tashe ta kowace Jumma'a, in riƙa leƙa ruwan batir, in ya ragu in ƙara da ruwan sama kawai. Ya kuma yi alkawarin in ya tarar da ita yadda ya bar ta, zai koya mini tuƙi a filin ƙwallon makarantarmu.

Gwaggo, kwana uku na yi ina dariya ni kaɗai. Na rataya makullin a wuyana da zare, ina lalubarsa a aji, har malamin lissafi ya tambaye ni ko lafiya. Jumma'ar farko da na murɗa makulli ta amsa, sitiyari yana rawa a hannuna, kamar in tashi sama. Bayan minti biyar na kashe ta don kar mai ya ƙare.

Yanzu ga laifina. Na gano cewa in aka murɗa makulli rabi, rediyo yana magana ba sai an tashi inji ba. Tun daga nan kullum bayan la'asar ni da ƙawata Saudatu muna ciki muna jin shirin gaishe-gaishe. Ita takan hakimce a baya ta ce in sauke ta Maraɗi, ni kuma in kunna sigina, in duba madubi, in ce mata babu canji. Mun je Sakkwato ya fi sau ashirin, motar ko motsi ba ta yi ba. Ko yanzu da nake rubutawa dariya ke cina, alhali kuka ya kamata in yi.

Jumma'ar da ta wuce na murɗa, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, shi ke nan. Rediyon ma ya yi shiru. Na ɗaga bonet, na ga wani farin gari ya taru a kan batir, ruwansa kuma ya ja baya. Tun ranar da ya tafi na kafa kwano ina jiran ruwan sama, har yau akuya kaɗai ke leƙa shi. Saudatu ta ce in zuba na rijiya, ai ruwa ruwa ne. Ban zuba ba tukuna. Wani abu kuma, Inna ta kulle irin geronmu a but ɗin motar don kar yunwa ta sa a daka shi, jiya kuwa na ga kashin ɓera a ƙarƙashin kujera.

Wasiƙar Yaya ta iso, saura mako uku ya dawo, kuma babu wanda ya san abin da ya faru. Na kashe masa mota ke nan? In zuba ruwan rijiyar? Kuma yaya za ni yi in dubi idonsa? Ina son tuƙin nan ƙwarai, Gwaggo.

Mai riƙon makulli, Isa

Ɗiyata,

Motar ba ta mutu ba, batir ne ya sauka. Ki share hawaye, ki riƙe dariyar, tana da amfani a shekara irin wannan.

Laifin kashi biyu ne. Rediyo da sigina wuta suke sha, in kuma inji ba ya aiki babu mai mayar da ita. Wannan naki ne, domin amana aka ba ki, ba a ce ki ɗauki fasinjan Maraɗi ba. Amma umarnin yayanki ma da saura. Tashin mota kansa yana jan wuta mai yawa, minti biyar a tsaye ba ya mayar da abin da aka ja. Ko ba rediyo, da batirin ya sauka a hankali.

Kar ki zuba ruwan rijiya. Yana da gishiri da laka, balle bana da rijiyoyi suka ja, zai lalata batirin. Masu cajin batir suna sayar da tataccen ruwan da ake zubawa. Ki faɗa wa Inna yau, a samu babba mai hankali ya kwance batirin, ya fara da wayar da ke gefen alamar ragi. A ɗauke shi a tsaye, kar ya karkata, ruwan cikinsa yana cin tufafi da fata, kuma kar a kusanto shi da ashana ko fitila. A kai wa mai caji cikin makon nan, don batirin da ya daɗe ba wuta ba ya riƙe caji. Farin garin nan a goge shi da tsumma da ruwan kanwa, kar ya shiga ramukan, in ya bushe a shafa giris. In an dawo da shi kar a jona. A ajiye shi a inuwa kan katako har mai shi ya zo.

Gero ya fita daga but. Dabarar Inna mai kyau ce, amma ɓera in ya shiga mota ba a gero yake tsayawa ba, wayoyi yake ci, gyaransu kuwa ya fi na batir wahala. A zuba irin a tulu, a liƙe bakinsa, bakanike ya duba wayoyin kafin a jona batir. A sauke birkin hannu, a tokare tayoyi da duwatsu, a ɗan tura motar lokaci-lokaci don kar tayoyin su lotsa, a kafa mata rumfar zana.

Saura Kalilu. Ki rubuta masa yau, ki fara da rediyon, kar ki ɓoye shi a ƙarshen takarda. Zai yiwu ya yi faɗa, zai yiwu ya ɗage alkawarinsa, yana da wannan haƙƙin. Amma direba ya san darajar wadda ta ji ƙas-ƙas ta ɗaga bonet, ta tsaya ta yi tambaya kafin ta zuba abin da ba ta sani ba. Gara ya ji daga alƙalaminki da ya ji daga bakin mai caji a tasha. Allah ya dawo da shi lafiya, ya sanyaya zuciyarsa kafin ya iso ƙofar gida.

Gwaggo Tani