Launin Hannun Aliya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ni Iyatu Hussaini, matar marigayi Abdulwahid, mazauniyar unguwar Nasim a birnin Riyad, nake rubuta wannan da hannuna, hankalina a jikina. Ba wanda ya sa ni, ba kowa ma a gidan balle ya sa ni. Likita ya yi mini bayanin zuciyata a fili, na kuma gode masa. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, manzonsa ne. Takardar nan taku ce ku biyu, Ghazali da Zahida. Ku karanta ta a zaune wuri ɗaya. Idan hakan ya gagara, ɗaya ya kira ɗaya a waya ya karanta masa da ƙarfi.

Zan fara da gyara wani kuskure, kun san halin malamar firamare. Mutane da yawa suna ɗauka zanen da ke cikin littafin yara ado ne, kamar aikin wuyan riga: marubuci ya gama nasa, sai a kira wani ya ƙawata. Ni ma haka na ɗauka har na auri mai zane. Shekarun da na yi ina koyar da 'ya'yan ma'aikatan ofishin jakadanci da 'ya'yan ɗalibai sun nuna mini yaro yana karanta hoto tun bai san baƙi ko ɗaya ba. A cikin hoton yake fara neman kansa, kuma idan bai samu ba yakan ɗauka littafi ba nasa ba ne. Na kawo wannan ne domin a cikin duk abin da zan bari, zanen ubanku ne kaɗai yake hana ni natsuwa.

Na ɗaya. A binne ni a nan Riyad, a maƙabartar da aka kai ubanku. Kada kowa ya wahala da neman takardun kai gawa Zariya. Waɗanda suka san ni ina yarinya a can yawancinsu sun riga ni. Ghazali, ka kira kawunku Jibrin da bakinka, kada ya gani a waya cikin saƙon mutane.

Na biyu. Kayan jikina da 'yar gonar da na gada a gida, a raba muku yadda shari'a ta tsara, ban da abin da zan ambata a ƙasa. Ba wanda yake bina kuɗi. Amma akwai Mariamou, maƙwabciyata mutuniyar Damagaram, wadda take hawo bene da ciwon gwiwarta ta ƙwanƙwasa ƙofa don kawai ta ji na amsa. Akwai ranakun da muryarta ce kaɗai nake ji daga asuba zuwa magariba. A ba ta keken ɗinkina da babbar tukunyar dambu. Za ta ce ba ta so. Ku ajiye mata a bakin ƙofa ku sauko.

Na uku, kuma shi ne babba. Zanen ubanku yana wuri biyu: wanda ke ɗakin aikinsa a nan gida, da akwatunan da muka kai ma'ajiya a unguwar Sulai lokacin da wuri ya yi mana kaɗan. Kun san yadda ƙasar nan take. Iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar, tana ƙarewa da numfashina, mai gini zai karɓi makullinsa, mai ma'ajiya kuma ba zai riƙe takardun da ba mai tambayarsu ba. Idan kuka tsaya kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana, motar shara ce za ta raba muku gardama.

A shari'a ba ni da ikon ba ku umarni a kan zanen nan. Tun ranar da ya rasu ya zama naku, ni tumuni kawai nake da shi a ciki. Don haka roƙo nake yi. Kada ku raba shi shafi-shafi, biyu ga namiji ɗaya ga mace. Littafin yara shafinsa na bakwai ba ya da ma'ana sai da na shida. Ku bar shi a haɗe da sunanku ku biyu, kowa da rabonsa a rubuce, a ajiye inda yara za su gan shi. Zahida ta ce akwai ɗakin karatu a garin ubanku da yake son karɓar zanen. Ban ƙi ba. Amma ba za a sa hannu ba sai da yardar Ghazali, kuma Ghazali ba zai ce a'a ba sai ya buɗe akwatunan ya duba da idonsa.

Bari in gaya muku wane ne mai akwatunan, domin kun san shi uba ne, ba ku san shi yaro ba. Ba'amurke ne, an haife shi a birnin Memphis, uwarsa ta sa masa suna Lamont. Ita wanki da guga take yi wa mutane, ranar Asabar sai ta ajiye shi a ɗakin karatu na unguwa ta tafi aiki. Ya ce ya bi littattafan nan ɗaya bayan ɗaya yana neman yaro mai kama da shi. Yawanci babu. Inda aka sa baƙin yaro kuma, an shafe shi da baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, an yi masa jan baki don a yi dariya. Ya dubi hannunsa ya ga ba haka yake ba. Sai wata rana ya zo da alli mai ruwan ƙasa a aljihu, ya bi fuskokin yaran wani littafi ya shafe su duka. Aka kama shi, aka hana shi shiga wurin har ƙarshen shekara.

Daga nan aikinsa ya samo asali. Bai taɓa taɓa baƙin fenti ba idan zai zana fatar mutum. Ja yake haɗawa da rawaya da ɗan shuɗi, wani lokaci da kore, yana ɗigawa a bayan hannun mutumin har sai ɗigon ya ɓace a fata. Sannan ya shafa a ɗan kati ya rubuta sunan mai launin. Ya musulunta yana saurayi, ya koma Abdulwahid, ya samu gurbin koyon Larabci a nan, ya zama abokin Jibrin, ta haka na san shi. Da ya je Zariya neman aurena, Baba ya tambaye shi asalin kakanninsa. Ya ce bai sani ba, daga wani wuri a nahiyarmu aka kwashe su. Baba ya ce, "To, ka dawo ke nan. A kawo masa ruwa."

Amma bai taɓa dawowa gaba ɗaya ba, wannan ni na sani. A kasuwar Dira 'yan kasuwa suna yi masa magana a matsayin mutumin Sudan. A taron 'yan Najeriya shi ne Ba'amurken Malama, a gaishe shi da fara'a sannan hira ta yi gaba ta bar shi yana murmushi. Idan ya je Memphis, 'yan'uwansa suna kallon hularsa. Yakan je filin da ke gaban Masmak da la'asar ya zauna shi kaɗai yana kallon yara suna korar tattabaru, ya dawo gida ya zana abin da ya riƙe a ka. Ina cewa na fahimci wannan zaman nasa. Sai yanzu da nake zama a kujerarsa, na ji motsin lif ɗin bene, na ɗaga kai ko nan zai tsaya, na san ban fahimta ba a lokacin.

Na huɗu. Maganar jan biro ta ƙare da ni. Ghazali, kana shekara ta biyu a jami'a ka ɗauki littafin ubanka na farko, na yarinyar da take jiran motar makaranta, ka ja layi a wuyan kowane yaro da ke ciki, kamar yadda wasu malamai suka ce a yi wa hoton mai rai. Zahida, ke kika fara gani, kika yi wa ɗan'uwanki maganar da har yau ba ki janye ba. Tun daga ranar gaisuwarku ta koma ta baƙi. A zaman makokin ubanku ina kallonku, kowa yana ba wa mutane shayi ta nasa gefen.

Ku ji abin da ba ku gani ba a ranar jan biron, domin kun fita kun bar mu. Ubanku ya ɗauki littafin ya buɗe shafi-shafi har ƙarshe. Na zaci zai yi fushi. Sai ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo, "Malama, ni ma da ɓata littafi na fara." Ya ƙara dubawa ya ce, "Yaron nan tsoro yake ji mini. Kuma dubi layin, hannunsa bai yi rawa ba." Zahida, ɗan'uwanki ya karanta abin da aka ce game da masu yin hoto ranar lahira, ya dubi ubansa, ya kasa barci. Abin da ya yi ya yi zafi, amma daga nan ya fito. Ghazali, 'yar'uwarka ita ce ta zauna a gefen teburin nan tana wanke burushi tun tsayinta bai kai teburin ba. Da ka ja layin nan, a wuyan ƙawayenta ka ja.

Ni ba mai fatawa ba ce. Ubanku ya je ya tambayi malamai da kansa, ya ji masu tsanantawa, ya ji masu sassauci a kan abin da aka yi don koyar da yara. Abin da ya zaɓa shi ne ya koma zana yara ta baya. Zahida, kin ɗauka karya shi aka yi. Ni da nake kai masa shayi na ga mutum ya koma ɗalibi yana murna. Ya gano ana gane yaron da aka yi wa faɗa daga kafaɗunsa, ana gane mai jiran uwarsa daga yadda ya riƙe bakin rigarsa, ana gane mai dariya daga ƙeyarsa. Na gwada a ajina. Na rufe rubutun da hannu na tambayi yara wane ne yake baƙin ciki a shafin, duka suka nuna yaro ɗaya, alhali ba fuska ko ɗaya a takardar. Ya ce littattafan nan na ƙarshe su ne mafi kyawun aikinsa, kuma ɗansa ne ya tura shi can. Ya so ya gaya maka, Ghazali. Kullum ka zo ranar Juma'a kana tsayawa a falo, shi kuma yana jin nauyin ya ja ka zuwa ɗakin da kake gudu. Haka kuka yi ta yi wa juna kara har lokaci ya ƙare.

Littafin mai jan layi yana aljihun tebur na sama. Bai jefar ba, bai ɓoye ba. A haɗa shi da sauran.

Na biyar. Gwaggonku Loretta tana nan da rai a Memphis, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ba ta cikin magada, don haka daga tumunina nake yi mata wasiyya: a ba ta zanen mahaifiyarsu tana guga a bakin taga. Zahida, ki kai mata da hannunki, kada ki sa a gidan waya. Ghazali, ka kira ta. Addininku ba ɗaya ba ne, amma duk shekara sai ta tambaye ni wane wata ne azumi don kada ta kira ka kana jin yunwa.

Na shida. A bangon ɗakin aikin akwai katunan launi da na ambata. Akwai nawa, akwai na Loretta, akwai na Baba, akwai na mai gadin gininmu na da. Akwai naku tun kuna jarirai, da wasu da ya sake muku da kuka girma, domin ya ce fata tana tafiya da shekaru. Na Aliya ne babu. Ghazali, 'yarka ta zo duniya a lokacin da ba ka shiga ɗakin, shi kuma bai so ya ɗauke ta ya kai ta inda ubanta bai yarda ba. Ya yanka katin, ya rubuta sunanta da Larabci da boko, ya liƙa shi fari a kusa da naka. Rannan ta leƙa ta gani, ta tambaye ni da Larabcinta, tana kirana kaka, "Jadda, me ya sa nawa ba komai?" Na ce mata ba a gama ba tukuna.

Na so in gama shi da kaina. Na gwada, ya fito kamar kunun kanwa. Zahida ce kaɗai ya koya wa haɗin, yarinyar kuma ta Ghazali ce. A katin nan babu fuska, babu wuya, babu abin da wani malami zai yi magana a kai. Launi ne kawai.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya sa ku gama da duniya lafiya. Na yafe muku duk abin da kuka sani da wanda ba ku sani ba, ku ma ku yafe mini. Ba ku da garin da za ku ce a can za mu haɗu, ɗaya fasfonta daban, ɗaya iƙamarsa a hannun wurin aikinsa. Gidan nan ne ya haɗa ku, shi ma na haya ne. Bayan ni, in ba ku nemi juna ba, ba wanda zai tara ku.

Don haka kafin ku miƙa makulli, kafin a ɗaga ko akwati ɗaya, ku shiga ɗakin ku uku. Fentin yana cikin gwangwanin shayi, na rufe bakinsa da kyau don kada ya bushe. Ghazali, ka ɗora ta a cinyarka ka riƙe mata hannu a kan tebur, domin ba ta zama wuri ɗaya. Zahida, ki fara da ja, ki ƙara rawaya, shuɗin kaɗan-kaɗan. Ba za ku dace a karon farko ba, shi ma bai taɓa dacewa ba. Ku goge ku sake, ku tambayi juna ko ya yi, har sai ɗigon ya ɓace a bayan hannunta.

Mahaifiyarku,
Iyatu