Ranar da Na Juya Wilin Kekena Baya

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta riske ka cikin rahamar Ubangiji, makwancinka a yalwace. Na san ba karantawa za ka yi ba, masu leƙen shafina ne za su karanta. Su leƙa. Shekara goma sha tara ban taɓa aikata abu na kasa ba ka labari ba, kuma ba yanzu zan fara ba.

Yau kwana hamsin da biyu da tafiyarka, ina cikin takaba. Yara lafiya. Maganar jitar Malam Bitrus ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Duk Birnin Kudu an san ka da naɗin koyil, na fanka, na injin markaɗe, na famfon ban ruwa. Kaɗan ne suka san kana naɗa kunnen jita, ɗan baƙin abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya, maganaɗisu a cikinsa, waya siririya kamar gashi naɗe a jikinsa. Shi ke jin motsin tsirkiya ya aika wa sifika. Masu jita suna ce masa fikof, kai ka ce fikof mota ce, wannan kunne ne. A shago ba ka yin wannan aiki saboda ƙura. Gida kake kawo shi, ka ƙwace min keken ɗinki, ka manna abin a jikin wili, ka taka feda waya tana hawa. Har kalkuleta ka ɗaura wa keken, duk juyi ɗaya ta ƙara ɗaya. Ni kuwa ina gefe ina mita, ɗinkin mutane yana jira.

Mako biyu kafin rasuwarka Malam Bitrus, ma'aikacin lafiyan nan na Gwaram, ya kawo jitar bes, mai kaurin muryar nan. Kunnenta ya mutu, kuma shi kunnen tagwaye ne, ɓari biyu, kowanne yana sauraron tsirkiya biyu. Ina daga tsakar gida na ji ka ce masa a zaure, “Za ka kaɗa ta a bikin 'yarka, in Allah Ya yarda. Aikina ba ya dawowa.” Ka naɗa ɓari ɗaya, ka tsoma shi a kakin zuma, ka ajiye. Ka ce ɗayan sai ka dawo daga duba famfo a Wurno. Ka dawo riƙe da ƙirji, kafin la'asar an gama.

Malam Bitrus ya zo ta'aziyya sau uku, ko sau ɗaya bai ambaci jita ba. Matarsa Ladi ce ta shigo wurina bayan sadakar arba'in, ta zauna tana murza gefen zani, da ƙyar ta faɗa. Ashe jitar ba tasa ba ce, ta wansa ce da ya rasu, mahaifin Rahila, yarinyar da za a aurar. Su suka riƙe ta tun tana aji biyu. Abu ɗaya Rahila ta roƙa, idan za ta shiga coci ranar aurenta, muryar jitar babanta ta raka ta. Sun nemi sabon kunne a Kano, wanda suka samu bai shiga ramin jitar ba, muryarsa kuma ba ita ba ce. Biki saura kwana tara.

Na ce mata ta bar min. Wallahi Malam, ban san lokacin da bakina ya faɗa ba.

Yayanka Habu da ya ji, sai da ya taka har ƙofar ɗakina. “Asabe, jita a gidan makoki? Ki sa ta a buhu a mayar wa masu ita yadda take. In kika taɓa kika lalata, ba sunanki za a kira ba, sunan ɗan'uwana za a kira.” Na ce, “Yaya, alkawari kaya ne, kuma a ɗakina ya sauke shi.” Ya ce shi dai ya faɗa. Ban ga laifinsa ba, sunanka yake karewa. Ni ma sunan naka nake karewa, hanya ce ta bambanta.

Na ɗauko kwarkwaron wayar na auna shi a hannu, gabana ya faɗi. Wayar nan daga Legas kake sa a kawo maka, sai ta yi wata a hanya, ba ta koyil ɗin fanka ba ce da za a aika kasuwa. A ƙiyasina abin da ya rage zai yi naɗi biyu, shi ma da ƙyar. A murfin kwalin wayar ka rubuta dubu goma da biro, wato juyi dubu goma. Iyakar wasiyyar da ka bar min ke nan a kan aikin.

Ranar Litinin na share ɗaki, na rufe taga, na zauna. Na riƙe wayar tsakanin yatsa biyu yadda nake ganin kana yi, ba matsewa, ba saki. Na ja wili zuwa gabana kamar yadda kowace tela ke yi tun ranar da ta fara zama kan keke, na taka. Daga hantsi har azahar ina kai waya dama ina dawo da ita hagu, ko tari ban yarda na yi ba. Kalkuleta ta nuna dubu goma cif. Na narkar da dalma na haɗa wayoyi, na ƙona ɗan yatsa, na tsoma a kaki. Har wani ɗan girman kai ya taso min, na ce ashe abin da Malam yake yi wa ɗaurin fuska ke nan.

Ranar Laraba Malam Bitrus ya ɗauko amfilifaya a motar haya tun daga Gwaram. Aka ta da janareton maƙwabta, aka jona a zaure. Ina bayan ƙofa, Yaya Habu yana kan benci ya harɗe hannu. Kafin a taɓa tsirkiya ko ɗaya, sifika ta ɗauki ƙugi, wani ƙugi mai kauri kamar taransifoma za ta kama da wuta. Malam Bitrus ya rage murya, ƙugi ya ragu, jita ma ta ɓace. Ya ƙara, ƙugi ya danne komai. Akuyar 'yarmu Sadiya sai da ta tsinke igiya.

Can Malam Bitrus ya ce, “Ba komai, Maman Sadiya, kin yi ƙoƙari. Za mu ari wata jitar.” Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Yaya Habu ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce a hankali, “Ga shi nan, aikinsa ya dawo.” Wannan kalma ta soke ni, Malam, har yanzu in na tuna sai na ji ta a haƙarƙarina. Na roƙi Malam Bitrus ya bar jitar zuwa Juma'a. Ya bari, amma amfilifaya dole ya koma da ita, ana gwajin waƙa da ita a coci.

Ranar Alhamis da safe na zauna gaban keke na rasa abin yi. Na duba dalma, lafiya. Na sa mitarka ta gwajin wuta, allura ta motsa a duka ɓarin biyu. Ƙirga daidai, waya iri ɗaya. To ina na kauce? Don haushi na buge wili da bayan hannu, ya juya baya, sai na ji bakina yana shirin yin faɗa, kamar wani ne ya taɓa min keke. Nan take na tuna.

Shekara uku da suka wuce, lokacin da ka naɗa wa wani mai kiɗan biki irin wannan kunnen, na shigo na tarar kana tura wili baya, kana taka feda hankali kwance. Na yi tsalle. Na ce, “Malam, za ka kashe min keke! Wace tela ka taɓa gani tana juya wili baya?” Ka san a wurinmu wannan babban laifi ne, zare ya cukurkuɗe, ƙoshiya ta ci tura, uwar ɗakina da ta koya min ɗinki da sandar awo take dukan hannu a kansa. Na yi ta faɗa har tuwo ya kusa kamawa. Kai kuwa ko ɗagowa ba ka yi ba, ka ce, “Asabe, su biyu ne. In ɗaya ya kwaso surutu, sai ɗayan ya haɗiye. In duka suka fuskanci gefe guda, wa zai haɗiye na wani?” Na ɗauka habaici kake min, na ƙara wani faɗan a kan na farko. Ashe darasi kake ba ni, ni kuma kekena kawai nake gani.

Amma tunawa daban, tabbas daban. Ɓarin da ka naɗa, gaba ka ja wili ko baya? Ranar ina wurin suna a Kiyako, ban gani ba. Na ɗauki naka da nawa na fita rana, na sa tabaron allurata, na bi bakin wayar inda ta fito ta shiga dalma. Duka biyun gefe guda suka nufa. To naka na gaba ne, nawa ya kamata ya zama na baya. Haka idona ya ce, idon da ba ya zura allura sai an taimaka masa.

Wayar da ta sha kaki ba ta warwaruwa, sai dai a yanke. Na ɗauki reza na riƙe ta a kan naɗin ya fi minti goma. In na yanke, sauran naɗi ɗaya tak a kwarkwaro. In ya tsinke a tsakiya, ko tunanina ya zama ba daidai ba, Rahila za ta shiga coci da jitar aro, kuma abin da za a riƙa faɗa shi ne aikin ƙarshe na gidan Malam ya lalace. Na yi bismillah na yanke. Jan ƙarfe ya zubo a cinyata kamar an yi wa yaro aski.

Ranar Juma'a da hantsi na zauna. Hannuna ya ƙi, Malam. Sau biyu ina cewa baya, yana jan wili gaba da kansa. Sai da na riƙe shi da ɗayan hannun na tura. Keke ya tafi baya. A dubu huɗu Sadiya ta leƙo za ta yi magana, na harare ta ta koma. A dubu bakwai na gyara zama, ban ɗaga ƙafa daga feda ba. A dubu tara na ga farin jikin kwarkwaro yana leƙowa ta tsakanin waya. Na rage gudu, kamar rage gudu zai ƙara mata tsawo. A dubu tara da ɗari shida da arba'in, bakin wayar ya zame daga yatsuna. Ta ƙare.

Saura ɗari uku da sittin. Na zauna ina kallon kalkuleta, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai. Sannan na share ido na haɗa dalma, na tsoma a kaki, na ɗaura a jita, don ba abin da ya rage sai hakan. Bayan an sauko daga masallaci Malam Bitrus ya zo a babur ya goya ta. Ban ɓoye masa ba, na ce ƙirgar ba ta cika ba, kuma ban gwada ba. Ya ce ba za a samu jonawa ba sai gobe da safe in an ta da janareton coci.

Ranar Asabar tun asuba wayar salulata tana hannuna. Yaya Habu ya zo da sassafe wai duba rufin ɗakin kaji, ɗakin kajin da bai taɓa kallo ba. Ƙarfe tara da wani abu Ladi ta kira. Na buɗe murya yadda zai ji.

“Maman Sadiya, kina ji?”

Na kasa kunne, na ce, “Ba na jin komai.” Zuciyata ta yanke, na ce shi ke nan, yanzu kuma gaba ɗaya ta mutu.

Ta ce, “Wayar tana bakin sifika fa. An jona, an ƙure murya.”

Sai a lokacin na gane abin da nake ji. Babu ƙugi. Can ƙasa akwai ɗan huci kaɗan, na ɗari uku da sittin ɗin nan ina jin, amma sai mai nema zai same shi. Sannan Malam Bitrus ya ja tsirkiya mafi kauri, wayata ta kama karkarwa a tafin hannuna. Na ji mata sun ɗauki guɗa, a cikinsu wata tana kuka tana kiran baba.

Yaya Habu ya daɗe yana kallon ɗakin kaji. Da zai fita ya ce, “Zan sa ranar Litinin a kawo fankar masallacinmu, koyil ɗinta ya ƙone. In kina iyawa.” Na sa an duba, akwai wayar fanka a shago.

Wani mai gyaran rediyo ya aiko min daga baya cewa da bakin wayoyin biyu kawai na sauya, da ba sai na yanke komai ba. Wataƙila gaskiyarsa ne. Ni dai abin da na ga ka yi na yi.

Malam, na sauke maka kayanka. An kaɗa ta a bikin, kuma ba ta dawo ba. Ka yafe min faɗan da na yi maka a kan keke, kai ne da gaskiya, kuma ka san ba kasafai nake faɗin haka ba. Ina kewarka ƙwarai. Har yanzu ina kwaso surutuna tun safe kamar yadda na saba, sai in juyo in ga babu mai haɗiyewa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa alkawuran da ka cika su tsaya maka a ranar tsayuwa. Allah Ya ba Rahila zaman lafiya a ɗakinta, Ya raya mana yaranmu, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Taka har kullum, mai yawan mita,
Asabe