Hotona daga zauren dangi ya fita, kuma ba zan rufe shafina ba

Anti Safiya, don Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da zai raba ni da dangina. Bazawara ce ni, da 'yata ɗaya, a Mandawari nake, zanen lalle nake yi. A shafina na Instagram amare ke samuna, kuma ban taɓa sa fuskata ba, hannu da ƙafa kawai.

Wata biyu ke nan wani ya buɗe shafi da sunana da lambata, ya ɗora fuskata a jikin wata mara sutura. Maza sai kira suke, har da wani da muryarsa ta haifi babana. Amare uku sun fasa. 'Yata ta dawo daga islamiyya tana kuka, wai an nuna mata. Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka sake ni.

Ga abin da ke cin raina. Hoton da aka ciro fuskata daga ciki na ranar sunan ɗan yayata ne, zauren WhatsApp na zuri'armu kaɗai na tura shi. Mu arba'in da ɗaya ne a ciki, babu bare. Da na ce zan kai ƙara, Baffa Isyaku, ƙanin mahaifina, ya ce a gidanmu ba a taɓa kai jini gaban hukuma ba, in rufe shafina, in canza layi, a rufa asiri. Wato ni da aka zalunta ni zan ɓuya, mai laifin kuma ya ci gaba da turo mana addu'ar Juma'a a zaure! Wallahi ba zan rufe ba. Amma Baffa ne ya riƙe ni tun ina 'yar shekara tara, ban iya kallon idonsa in ce a'a ba.

Mai Lalle, Mandawari

Amsa:

Ƙanwata, sannu. Kada ki rufe shafinki, ba ki yi laifin komai ba.

Doka tana tare da ke. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yin sojan gona da sunan wani, ta kuma haramta tura batsa. Amma doka hujja take so. Tun yau ki ɗauki hoton shafin ƙaryar da adireshinsa da kwanan wata, ki adana lambobin masu kira da saƙon da kika tura zauren. Sai kin gama ki nemi Instagram su sauke shi. Ki ga lauya. Akwai ƙungiyoyin lauyoyi mata masu taimakawa kyauta. Kada ki ambaci sunan kowa kan zargi, domin wataƙila wani ne ya tura hoton waje da wauta, bare ya ƙarasa ɓarnar.

Shi kuwa Baffa ba maƙiyinki ba ne. Tsoro yake kada gidan da ya haɗa ya watse, kuma gaskiya ce, sunan da bincike zai fito da shi yana iya zama wanda kike ƙauna. Ki shirya wa wannan. Kada Baffa ya ji maganar ƙara a bakin wani. Ki je ki durƙusa, ki ce kin ba shi mako guda: ya sanar a zaure, mai laifin ya same shi a ɓoye, ya goge shafin, Baffa kuma ya wanke ki gaban dangi. In mako ya cika shiru, ki miƙa ƙorafinki ga 'yan sanda, kin fita hakkinsa.

In ya sake cewa a rufa asiri, ki tambaye shi cikin ladabi: asirin wa? Naki ne a titi, kuma ke ma jininsa ce. Allah ya wanke ki, ya raya 'yarki, ya dawo miki da amarenki.