Ni Na Fasa Tulun Irin Wake

Muntaka,

In ka dawo daga Kano ba za ka same ni ba, na yi sammakon kasuwar Ɗanbatta. Kafin ka ɗaga wa Barira murya, ka sani tulun irin waken da ka liƙe da laka, ni na fasa shi, ba matarka ba.

Jiya mun kai 'yarka Huseina asibiti. Ciki ya kumbura, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja. Malamar asibiti ta ce ba mayu ba ne, kunun gero tsura ne ba ya gina jiki, a ba ta nama da ƙwai. Na ce, 'yar nan, nama a wannan shekara? Ta ce to wake ma yana yi, da ƙuli-ƙuli. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Yunwar da ta kwashe sa'o'ina, da wake da fara na tsallake ta, kuma har gobe ni nake ɗaga buhuna.

Ka bar Barira ta ci gaba da dafa mata waken, ya yi luguf, safe da yamma. Kada ka auna, kada ka ɓoye.

Na san za ka ce me za mu shuka. Na tafi da babbar rigata ta Salla in sayar, zan dawo da iri. In ban samu ba, gonar wake ta huta bana. Gona za ta jira baɗi, jikata ba za ta jira ba.

Babanka,
Ɗan Iya