Waƙar da Inna Ta Ƙarasa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aiki, ya tsayuwar asibiti? Allah ya ƙara miki ƙarfin ƙafa da haƙuri da masu jinya, ya yaye miki ciwon bayan nan da kika ce yana taso miki in kin daɗe a tsaye. Mu nan kowa lafiya lau, sai godiyar Allah. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, ba ta neman sanda sai in za ta hau bene. Yaya Injiniya ya gyara famfon gida bayan ya shafe wata huɗu yana cewa gobe, yanzu kuma ƙofar banɗaki ce ta gaji goben. 'Yarsa ta fara haƙori, ba abin da ke tsira daga bakinta, tun daga gefen tabarma har yatsan ubanta.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko saƙon murya sai kin yi ta cigiya. Maganar ce ta fi ƙarfin waya, kuma in na fara miki da baki za ki katse ni da tambayoyi kafin in kai tsakiya, kamar yadda kika saba tun muna yara. Saboda haka ki samu wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe, sannan ki yi mini faɗan in akwai.

Kin san binciken digirina na biyu a kan waƙoƙin reno ne, wato abin da uwaye masu yare daban-daban suke rera wa jariransu, da abin da waƙoƙin ke nunawa game da zaman mace a garin da ba nata ba. Wata bakwai na yi ina zuwa asibitin yara duk ranar Talata, ranar rigakafi, ina zama a dogon bencin da ke kusa da sikeli. Da allura ta shiga, yaro ya tsala ihu, sai ki ji kowace uwa ta koma yaren da aka haife ta da shi, ko da kuwa da namu ta gaishe ki a bakin ƙofa. Mata talatin da ɗaya suka yarda na ɗauki muryarsu a rikoda, cikin yare shida. Ni kuwa biyu kawai nake ji, shi ya sa na nemi tafinta, wani dattijo da ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota kafin ya ajiye, kowa Baba Direba yake ce masa. Ba inda bai kwana ba, ba yaren da bai iya ciniki da faɗa da shi ba. Shi yake saurare ya faɗa mini, ni in rubuta. Da haka na gama babi huɗu, Malamar da ke duba aikina ta sa hannu, aka sa mini ranar kare kundi a ƙarshen wannan zangon. Har na fara tunanin takalmin da zan sa.

To, makonni shida da suka wuce, 'yar Yaya Injiniya ta samu wayar abin saurare da nake sawa a kunne ta tauna ta har ta tsinke. Dole na kunna rikodar a fili a falo, da la'asar, Inna tana gefe tana ninke kayan wanki. Muryar wata yarinya ce da nake kira Mai Saƙa, don kullum tana saƙa hular jariri a kan layi, 'yar mutanen bayan dutse ce. A tsakiyar waƙarta jaririn ya yi tari, ta tsaya ba ta ƙarasa ba. Yaya, wallahi sai na ji an ɗauki waƙar daga inda ta tsaya, a bayana, a hankali. Na juya na ga Inna riƙe da rigar filo, idonta a kan bango, tana rerawa cikin yaren da ban taɓa jin ko kalma ɗaya tasa a bakinta ba. Da ta kai ƙarshe ta ga ina kallonta, sai ta ce in rufe bakina kada ƙuda ya shiga, ta ci gaba da ninki kamar ba ita ba.

Ban matsa mata ba a ranar. Sai da safe, muna shan shayi, ta ce in karanto mata abin da na rubuta a matsayin ma'anar waƙar. Na karanta mata yadda Baba Direba ya ba ni, cewa yi barci ɗana, babanka na nan tafe da tsaraba. Inna ta ajiye kofi ta yi dariya har da tari. Ta ce babu uba babu tsaraba a waƙar nan. Abin da take cewa shi ne, yi barci don ni ma na gaji, a garin nan ba mai kira na da sunana, gidan uwata yana bayan dutse kuma ƙafa ba ta kaiwa, kai kaɗai ne kake jin maganata, saboda haka kada ka yi saurin girma. Daga nan ta faɗa mini abin da ban sani ba, kuma ina jin ke ma ba ki sani ba. Kaka, mahaifiyarta, 'yar can ce. Ta zo garin nan tana budurwa, aka yi ta kwaikwayon yadda take magana a bakin famfo da wurin niƙa, har ta yi alkawarin 'ya'yanta ba za su sha wannan dariyar ba. Sai ta hana Inna yin yaren a waje, a ɗaki kawai suke yi su biyu. Da Kaka ta rasu, Inna ta ce ta rasa wanda zai amsa mata, sai ta naɗe shi ta ajiye. Baba, Allah ya jiƙansa, ya sani, amma bai taɓa tayar da maganar ba tunda ita ba ta tayar ba. Shekara talatin da bakwai ke nan da rasuwar Kaka.

Ba zan ɓoye miki ba, abin da ya fara zuwa mini a rai ba tausayin Inna ba ne, kundina ne. In wannan waƙar ta karkace, sauran talatin fa? Na je na samu Baba Direba a rumfar mai faci inda yake yini, na kunna masa, na faɗa masa abin da Inna ta ce. Dattijon nan ya cire hula ya daɗe yana jujjuya ta a hannu. Bai yi musu ba. Ya ce mahaifiyarsa ma irin waƙar take yi, ya san ta sarai, amma ya ji nauyin ya zauna gaban 'yar cikinsa yana faɗin kukan mata, kuma bai so a rubuta a littafi cewa matan mutanensu masu ƙorafi ne, masu karatu su karanta su yi musu dariya. Ya ce ba ƙarya ya yi niyya ba, sutura ya yi musu. Na tambaye shi ko waƙa nawa ya yi wa suturar, ya ƙirga da yatsu ya ce za su kai sha ɗaya, wataƙila sha uku. Na so in yi fushi, amma na kasa, don tsoron da ya sa Kaka ta rufe bakinta shi ne dai ya sa shi ya gyara bakin wasu.

Washegari na kai wa Malama maganar. Jan Biro muke ce mata a ɓoye, don takarda ba ta fita daga ofishinta sai kamar an yanka kaza a kai. Na yi ta tunani a hanya ko in gyara waƙa ɗayar nan kawai in yi shiru, ba wanda zai sani. Har na kai bakin ƙofarta ban yanke shawara ba, sai da na zauna bakina ya faɗi gaskiya da kansa. Ta saurare ni har na gama, ta ce dole a sake fassara duka talatin da ɗaya, kowace mutum biyu su saurare ta, kuma a koma wurin matan a karanta musu a ji ko sun yarda haka suke nufi. Ranar kare kundi kuwa ta tashi, sai zango mai zuwa. Na fito na tsaya bayan allon sanarwa na yi kukana, abokan karatuna suna wucewa da kundinsu an yi masa bango. Amma kafin in fita daga ofishin ta faɗi wata magana da sai daga baya ta zauna mini. Ta ce abin da na kawo mata da farko aiki ne mai tsabta wanda ba wanda zai tuna da shi, yanzu ne na samu abin rubutawa, kuma abin da Baba Direba ya yi kada in ɓoye shi, babi ne guda, in ya amince. Ya amince kuwa, da sharaɗin kada in rubuta cewa ya tsufa.

Yanzu ga inda muke. Na samo mata biyu daga cikin uwayen suna taya ni da sauran yarukan, Inna kuma ta karɓi na bayan dutse. Malama ta ce sai ta sa hannu a takardar amincewa kamar kowa, kuma in bayyana a kundin cewa mahaifiyata ce. Inna ta sa gilashi ta sa hannu a hankali, sannan ta tambaya ko ita ma za a ba ta doguwar rigar nan da hula mai igiya ta masu gama digiri. Ranar Talatar farko da na kai ta asibitin, ta zauna kusa da Mai Saƙa ta gaishe ta da yaren. Harshenta ya yi nauyi da fari, tana lalubo kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta saki saƙar ta rufe baki tana dariya da hawaye tare, ta ce rabon da ta ji irin waɗannan kalmomin tun wurin kakarta, wai Inna tana magana kamar mutanen da. Suka yi ta hira har nas ta kira lambar yarinyar sau uku ba ta ji ba. Ke kin san tun rasuwar Baba Inna ba ta fita sai dole. Yanzu ita take tashi na ranar Talata, ta riga ni shiryawa, tana mita wai na cika nawa.

Yaya Injiniya bai so ba da farko. Ya ce me ya kai gidanmu cikin littafin makaranta, mutane su riƙa cewa ashe su wane ba 'yan asali ba ne. Inna ce ta amsa masa, da yaren, doguwar magana ba ko tsayawa. Ya tsaya yana kallonta ya ce bai gane ba. Ta ce to abin da take so a daina ke nan. Tun ranar bai sake tayar da maganar ba, shekaranjiya ma na ji shi yana tambayarta yadda ake cewa ruwa.

Abu biyu nake roƙo a wurinki. Na farko, izininki. Labarin Kaka naki ne kamar yadda yake nawa, har ma kin fi ni, tunda ke kin san ta, ni a hoto kawai na gan ta. In kin ce kada ya shiga kundin, zan cire shi ba tare da ɓacin rai ba, aikin zai tsaya da ƙafarsa ko babu shi. Na biyu, kin tuna abin nan da kike rera wa yaranki in suna rigima, wanda muke tsokanarki muna cewa yaren tsuntsaye ne, ke kuma ki ce ba ki san inda kika samo shi ba? Na kwaikwaya wa Inna shi yadda na iya. Ta ce in sake. Ta ce ba surutu ba ne, kalmomi ne, kin dai tauna su irin na yarinya 'yar shekara biyar. Lokacin da Inna take aiki a masaƙa, a wurin Kaka kike yini, a bayanta kika koya. Don Allah ki ɗauke shi a waya ki turo mini yadda yake a bakinki, kada ki gyara komai, kada ki ji kunya.

Na yi juyin duniya Inna ta faɗa mini ma'anarsa, ta ƙi. Ta ce wannan ba ya cikin waƙoƙin da kowa ya sani, Kaka ce ta ƙirƙira shi dominki, kuma kalmar nan da kike maimaitawa a ƙarshe suna ne da ta raɗa miki, wanda ba a taɓa kiran ki da shi ba sai a bayanta. Ta ce ba za ta faɗa wa rikoda ba, ba za ta faɗa wa takarda ba, mai sunan za ta faɗa wa. Saboda haka ki kira ta ranar da ba ki da aiki, ki kuma tanadi lokaci, don na ga alama maganar tana da tsawo.

Ki gaishe mini da maigidanki, Allah ya ƙara buɗi. Ki gaida Mai Gilashi, ki ce ina jiran labarin jarrabawarta, da Sarkin Barci, da Autarki sarauniyar rigima. Inna tana gaishe ku ɗaya bayan ɗaya tana sa muku albarka. Yaya Injiniya da matarsa suna gaisuwa, Gwaggo Mai Ɗinki ma ta ce in ba a sa sunanta ba ba ta yafe ba. Allah ya tsare mana ku, ya sada mu cikin alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Autar Inna.