Inda Labaran Yake Yini

Anguwan Rogo, 3 Mayu 1978

Zuwa ga Oga Pwajok,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ce Balaraba, matar abokinka Labaran direba. Tun da motarku ta kife a Hawan Kibo, kullum da safe sai ya ce ya tafi tasha. Jiya 'yan tasha suka gaya mini bai sake taɓa sitiyari ba, wai a garejinka na Bukuru yake yini. Yana dawowa ido jawur, ba ya kula kowa. An ce bayan garejin ana sayar da burkutu. Ka ji tsoron Allah, me kuke yi?

Ka huta lafiya,
Balaraba

Bukuru, 9 Mayu

Uwargida,

Gaisuwa mai yawa. Zarginki ya yi mini zafi. Labaran ko ƙofar gidan burkutun bai taɓa kallo ba. Jan ido rashin barci ne, ke ma ai kin sani. A ƙafa yake zuwa nan, a ƙafa yake komawa, don ya kasa shiga mota. Da ya ji ƙarar birki sai ya toshe kunne, ya ce ga ihun matar da ta rasu a gefensa. Ni ma da nake cikin motar ran nan, har yanzu ina ganinta. Shi ya sa yake zama wurina. Ba ma hira. Kunyarki yake ji.

Naku,
Pwajok

Anguwan Rogo, 12 Mayu

Oga Pwajok,

Ina gaisuwa. Mutumin da ya shekara goma yana jan babbar mota shi zai taka daga Jos har Bukuru? Aboki dai ba ya tona aboki. Zan zo in gani da idona, kuma ba zan faɗi rana ba.

Sai na zo,
Balaraba

Anguwan Rogo, 18 Mayu

Oga Pwajok,

Barka da war haka. Ban iso ba. Ina hanyar zuwa, daga cikin bas na hango Labaran a bakin titi. Direbanmu ya danna ham, sai na ga ya faɗa kwata ya rufe kai, mutane suna dariya. Na sauka, na zauna kusa da shi har ya dawo hayyacinsa. Bai tambaye ni ina za ni ba.

Ka yafe mini. Ya yarda mu ga likita ran Litinin, amma ya ce sai da kai.

Na gode,
Balaraba